Ciyamanmu da Dawakinsa Bakwai

Ranka ya daɗe, sannu da aiki. Sannu da ɗawainiya, sannu da rashin barci. Labari ya iso mana cewa yau mako uku ke nan rabonka da runtsawa yadda ya kamata, har an ce ka rame, hularka ta fara yi maka yawa. Da farko mun zaci kwalbatin da ruwa ya tafi da shi damina biyu da suka wuce ne ya hana ka sukuni, ko kuwa tsofaffin malaman firamare da ke zarya a sakatariya suna neman garatutinsu. Ashe abin ya wuce nan. Ashe mota za ka saya wa amarya, aka ajiye maka hoton guda biyu a gaba, ga Mercedes-Benz GLC, wato Marsandi a bakinmu, ga kuma BMW X3, aka ce ka ɗauki ɗaya. Gaba kura, baya sayaki. Talakan da ke kwana da tunanin kwanon masara ina zai gane irin kayan da shugabanni ke ɗauka a madadinsa?

Kafin komai, sai mun yaba maka da ƙanƙan da kai. Kai da kake hawa babbar jif mai baƙin gilashi, da ka ga dama irinta za ka saya wa amarya, ba mai cewa uffan. Amma ka dubi halin da ƙasa ke ciki. Ka tuna cewa tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin mai, litar da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Ka tuna buhun shinkafa, ka tuna kuɗin taki, sai tausayi ya kama ka, ka ce a nemo ƙaramar jif. Ƙarama fa! Su kansu masu sayar da motocin a sahun ƙananan jif na alfarma suke jera su. Dubi manyanka na Abuja. A watan Oktoba na 2023, 'yan watanni bayan cire tallafin, jaridu suka cika da labarin jif-jif da za a raba wa sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360, ana maganar kusan naira miliyan 160 kowace ɗaya. Kai kuwa ka tsaya a kan wadda ba ta cika dala dubu 50 ba a can Amurka. In wannan ba gudun duniya ba ne, to mene ne gudun duniya?

Da idona na ga aikin, shi ya sa nake ba da shaida. Ranar Talatar makon jiya na zo sakatariya da takardar da mutanen garinmu suka aiko ni da ita, wadda dagaci da liman da ungozomar asibitinmu suka sa wa hannu. Masinja ya zaunar da ni a benci, ya ce Ciyaman na cikin muhimmin taro. Ƙofar ba ta rufu duka ba. Janareta na ruri a baya, sanyin ofishin na fitowa yana lasar ƙafata. Ina hango ka a kan kujera, waya biyu a kan tebur, kowace da hoton mota ɗaya, kana buɗa hoton da yatsu biyu, ka leƙa fitila, ka leƙa ɗinkin kujera, ka koma ɗaya wayar. Dillalin da ya taso daga Abuja yana durƙushe a gefe. Ma'aji na nan, sakatare na nan, kansiloli huɗu na nan, har da na mazaɓarmu wanda rabonmu da shi tun ranar rantsuwa.

"Ranka ya daɗe," in ji dillali, "injinsu kusan ɗaya ne, lita biyu, silinda huɗu, duka da tarbo. Sai dai Marsandi ƙarfin doki 255 gare ta, BMW kuwa 248."

Ka yi shiru. Ka cire tabarau, ka goge da bakin riga, ka mayar. "Wato doki bakwai ne a tsakaninsu."

"Bakwai cif, ranka ya daɗe."

"To ai an ce mini BMW ta fi zafi."

"Ta fi iya shan kwana, ranka ya daɗe. Ita kuma wannan ta fi laushi a rami. Giyarta tara, waccan takwas."

Kansilanmu ya gyara zama, ya ce shi a ganinsa Hajiya ta fi dacewa da tauraro a goshin mota, domin duk inda tauraro ya tsaya a gidan biki an san matar manya ce ta iso. Ma'aji ya ce a bi a hankali, uwargida Marsandi take hawa, kada a ce an haɗa su, kada kuma a ce an fifita wata, adalci tsakanin iyali wajibi ne. Ka jinjina kai, ka ce Allah ya yi wa Ma'aji albarka da ya tuna maka da adalci. Nan fa mahawara ta kankama. Aka kira azahar, aka yi, aka dawo aka ɗora daga inda aka tsaya. Tunda nake ban taɓa ganin manyan ƙaramar hukumarmu sun zauna a kan magana ɗaya da irin wannan natsuwa ba, kowa na kawo hujja, ba mai katse wani, ba mai duba agogo. Da la'asar masinja ya fito ya karɓi takardata, ya ce za a duba.

Abin da ya fi burge ni tambayoyinka ne. Ka tambayi inda ake ƙera kowace. Aka ce GLC daga Bremen take a Jamus, X3 kuwa, duk da sunan Jamusawa da take ɗauke da shi, wadda za a kawo maka a Spartanburg aka haɗa ta, a jihar Karolina ta Kudu a Amurka. Ka tambayi ta inda za ta shigo, aka ce ta tashar Tin Can a Legas, tunda a farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, hanyar Kwatano ta koma ta 'yan fasa-ƙwauri. Ka tambayi kuɗin fito. Ka tambayi irin man da suke sha, aka ce duka biyun masu tsantsani ne, ba sa shiri da man 'yan bumburutu. Ka tambayi safaya, aka ce BMW ba ta zuwa da ita, tayoyinta irin waɗanda ko sun sace za su ɗan ƙarasa da kai ne. Sai ka ce to in ta fashe a hanyar gida fa, wane mai faci ne zai iya da ita? Ka tambayi bakanike, aka ce sai mai kwamfuta, a Kano ko Kaduna ko Abuja. Ka tambayi wadda za ta fi riƙe darajarta in an tashi sayarwa bayan shekara uku. Duk da haka ba ka gamsu da bakin dillali ba, ka sa aka kira maka wani abokinka mai irinta, don ka ji daga bakin wanda ya hau.

Masha Allah. Mu da muke cewa Ciyaman bai iya bin diddigi ba, mun zalunce ka, ka yafe mana. Shekara biyu muna yi maka uzuri. In aka ce rijiyar burtsatsen da aka biya kuɗinta ba ta taɓa ba da ruwa ba, sai mu ce ai shi ba injiniya ba ne, ɗan kwangila ne ya ninke shi baibai. In aka ce ajin da aka gina iskar farko ta yaye rufinsa, sai mu ce ai bai san kan kwano da katako ba. In aka ce maganin da aka rubuta an saya bai iso asibiti ba, sai mu ce mutum ɗaya ne, ina zai iya bin kowane kwali. Yau ka wanke kanka daga wannan zargi tas. Mutumin da ya san bambancin giya tara da giya takwas, ya damu da inda za a samu mai faci, ya hango cinikin shekara uku masu zuwa, wannan ba a ninke shi baibai. Ya iya tambaya, ya iya ƙin amincewa da amsar farko, ya iya wuni a kan abu guda in abin ya dame shi. Duk abin da bai tambaya ba, bai dame shi ba ne.

Cikin tambayoyin akwai wadda ta fi kowace nuna hangen nesa. Ka ce wace ce cikinta ya fi nisa da ƙasa? Aka ce na X3 ya ɗaga kimanin santimita 20. Ka ce a auna ta biyun ma da kyau, domin hanyar garinsu amarya ta lalace, akwai wurin da kwalbati ya karye, mota mai ƙasa-ƙasa ba ta wucewa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mu a gajeren tunaninmu da cewa za mu yi a gyara kwalbatin, tunda hanyar ta ƙaramar hukuma ce, kai ne kuma shugabanta. Kai kuwa ka lura cewa gyaran kwalbati na kowa da kowa ne, mai jaki ya bi, mai amalanke ya bi, ɗan acaɓa ya bi, a ƙarshe ba wanda zai san darajarsa. Gara a bar ramin yadda yake, a sayo motar da ta fi ƙarfinsa.

Wannan hikima ma daga sama ka gaje ta. Da aka matsa wa 'yan majalisar Abuja da tambayar me ya sa sai jif masu tsada, amsar da ta fito daga bakin masu kare sayen ita ce hanyoyin Nijeriya ba su da kyau, ƙaramar mota ba za ta jure ba. Masu zama su kasafta kuɗin hanya ne fa suke faɗin haka. Hanya ta lalace, sai a sayi jif. An sayi jif, mai ita ya daina jin rami a ƙugunsa. Ya daina ji, hanya ta ƙara lalacewa, shekara huɗu ta zagayo, sai a nemo wadda ta fi ta da tsayi. Limaminmu ya taɓa ba da labari a huɗuba cewa Sayyidina Umar yana zaune a Madina yana tsoron kada dabba ta yi tuntuɓe a Iraƙi a tambaye shi don me bai daidaita mata hanya ba. Kana sahun gaba a ranar, na ga kana gyaɗa kai.

Kayan cikin motocin ma ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma duk sun dace da mu. Kujerun gaba suna ɗumama kansu, abin da duk mai zama a ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40 yake matuƙar buƙata. Marsandin tana da fitilun ado a ciki masu launi 64, amarya ta zaɓi wanda ya shiga da leshinta. Asibitin garinmu launi ɗaya gare shi da daddare, shi ne hasken tocilar wayar ungozoma, wadda take cizawa a baki in hannayenta biyu suna aiki. Aka kuma ce motar tana jin magana, ka kira sunanta ta amsa, ka ce ta rage sanyi ta rage. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai, domin yanzu za a samu wani abu a gidan Ciyaman da ake yi wa magana ya amsa.

BMW kuwa, dillali ya nuna maka hancinta, ramuka biyun nan na gaba, ya ce Jamusawa ƙoda suke kiransu, kuma tun 1933 kamfanin ke sa wa motocinsa su. Ka ce na wannan samfurin sun yi kyau, ba su cika girma ba. Ƙoda biyu lafiyayyu masu ƙyalli, ranka ya daɗe, a wannan arewa tamu da mutanen Gashuwa da na Haɗejiya suka yi shekara da shekaru suna binne 'yan uwansu saboda ciwon ƙoda, inda magidanci ke sayar da gona da shanun huɗa don a riƙa yi masa wanki sau biyu a mako, kuɗin ya ƙare, a dawo da shi gida a zauna jira. In ka ɗauki BMW, aƙalla za a ce a ƙaramar hukumarmu akwai ƙoda biyu da hukuma ta tsaya tsayin daka a kan lafiyarsu.

Kuma kowace ka ɗauka, zumunci ka raya. X3 ta farko, ta 2003, a birnin Graz na Ostiriya aka riƙa haɗa ta, a masana'antar Magna Steyr. Wannan suna na Steyr ba baƙo ba ne a kunnen mutanen Bauchi, domin tsatsonsu ɗaya da kamfanin Steyr da aka kafa a can a shekarun 1970, yana haɗa taraktoci da manyan motoci. Marsandi ma tana da dangi a Inugu, inda ANAMMCO ta riƙa haɗa manyan motocinta da bas-bas. A Kaduna kuwa tun 1975 aka fara haɗa Peugeot, har gwamnatin soja ta Obasanjo ta ce Fijo 504 manyan jami'anta za su riƙa hawa. Wancan zamanin duhun kai ne, lokacin da kwamishina ke shiga motar da ɗan Kakuri ya ɗaura wa taya, albashin ya tsaya a Kaduna, a ci shi a Kaduna. Yanzu an waye. Dangin da ke Graz da Bremen suna nan da ransu, na Bauchi kuwa sai a labari. Kuɗin da ya fito daga ƙaramar hukumarmu zai haye teku ya biya wa wani ma'aikaci a Karolina ta Kudu kuɗin makarantar 'ya'yansa. Samarinmu da ke zaman kashe wando a bakin tasha su yi koyi da irin wannan sadaka mai nisan zango.

Mahassada za su kawo maganar lissafi, don haka bari in riga su. Mu ƙaddara dala dubu 50 ce, haɗe da kayan ƙawar da ka ce a ƙara. In aka canza a kan naira 1,500, naira miliyan 75 ke nan, kafin kuɗin jirgin ruwa, kafin kwastan, kafin la'adar dillali. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Masinjan da ya zaunar da ni a benci, in ana biyansa wannan cif, kuma bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, bai sayi ko fanadol ba, zai tara kuɗin motar a shekara 89. To mene ne a ciki? Sai ya yi haƙuri, ya kuma roƙi tsawon rai. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a 2022 'yan Nijeriya miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, miliyan 86 daga cikinsu a arewa. Jama'a mai yawa haka ai tana buƙatar abin kallo. In motar ta wuce ta bule su da ƙura, yara suka bi ta a guje, an ba su abin da za su ci wa buri.

Ba ni da ja da mai kuɗin guminsa. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko na Dawanau da ya shekara talatin yana safara, ya fitar da zakka, ya sallami yaransa, in ya saya wa iyalinsa GLC, Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Dukiyarsa ce. Amma kai mun san ka, ranka ya daɗe. Mun san tsohuwar Golf ɗin da ake tura maka a ƙofar masallacin Juma'a kafin zaɓe, da yawanmu mun sa hannu a turin. Ba ka gaji gona ba, ba ka buɗe shago ba. Shekara biyu a kan kujera, ga sabon gida a birni, ga babbar jif, ga Marsandin uwargida, ga kuma wannan. Irin albarkar da ke cikin albashin ciyaman, ya kamata a tara malaman lissafi na sakandarenmu ka koya musu.

Na san amsarka, ka sha faɗa mana ita. Kuɗin ƙananan hukumomi a jiha ake riƙe su, asusun haɗin gwiwa ya cinye komai, abin da ke isowa albashi ne kawai. Akwai gaskiya a ciki. Shi ya sa ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma kowa ya ga jan ƙafar da aka yi ta yi wajen aiwatarwa. Mun yarda. Sai dai wannan asusu mai tarbiyya ne ƙwarai. Yana riƙe kuɗin allura da na alli da na kwalbati gam, amma da ya hango motar amarya sai ya rusuna ya ba da hanya.

Yanzu bari in gaya maka abin da ke cikin takardar da masinja ya karɓa, tunda dawaki ba su bari an buɗe ta ba. A harabar asibitin garinmu akwai motar ɗaukar marasa lafiya. A da fara ce. An ɗora ta a kan bulo, tayoyin sun tsattsage an cire, kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinta, wani ya shanya tabarma a kan gilashin gaba. A jikinta har yanzu ana karanta sunan ƙaramar hukuma da jan fenti. Fostarka ta kamfen ma tana manne a ƙofar baya, rana ta cinye rabin fuskar, murmushin ne ya rage.

A Agustan da ya wuce, cikin dare, ana ruwa, naƙuda ta kama matar ƙanena. Haihuwarta ta huɗu ke nan. Ta sauka a asibitin, a hasken waya, namiji, sai jini ya ɓalle. Ungozomar ta yi duk abin da ta sani, ta murza mara, ta sa ruwa, ta buɗe kabad babu allurar tsayar da jini, ta ce a kai ta babban asibiti yanzu-yanzu, sai an yi ƙarin jini. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba in hanya na da kyau. Muka tayar da mai a-kori-kura daga barci, muka shimfiɗa katifa a baya. Ƙanena ya ɗora kanta a cinyarsa, gwaggonmu ta ɗaga ledar ƙarin ruwan sama da hannu, ni ina riƙe da lema a kansu, ruwa na shigowa ta ko'ina. Da muka iso kwalbatin, ruwa ya shafe wurin. Direba ya sauka da tocila, ya auna da sanda, ya dawo ya ce wallahi ba za ta wuce ba. Muka juya muka bi zagaye ta cikin gonaki, muka kafe sau biyu, mutanen wani ƙauye suka fito da fitilu suka tura mu, Allah ya saka musu. Tana ta cewa a ba ta ruwa. Can ta ce wa mijinta ya kula mata da yaran. Daga nan ba ta sake magana ba. Mun isa ana kiran assalatu. Likita ya ɗaga fatar idonta, ya saki, ya ce mu yi haƙuri.

Kwana na Allah ne, mun yi imani, ba ma ja da ƙaddara. Amma Allahn da ya rubuta kwana shi ne ya ɗora amana, kuma zai tambaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 ne suka rasu a Nijeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya baki ɗaya. A da in na ji wannan adadi a rediyo lamba ce kawai. Yanzu in na ji shi, kabad nake gani a buɗe, da direba yana auna ruwa da sanda.

Ka zo mana ta'aziyya ranar uku, mun gode. Ruwa ya janye, babbar jif ta tsallake kwalbatin lafiya lau. Ka ba da buhun shinkafa da naira 50,000, mai hoto ya ɗauka, aka sa a Facebook, aka rubuta a ƙasa cewa Ciyaman uban marayu ne. Gaskiya suka rubuta. Uban abu ai shi ne wanda ya yi sanadin samuwarsa. Yaron da ta bari yau watansa takwas, ya fara rarrafe, gwaggonmu ce ke rainonsa da kunu da madarar gwangwani in an samu.

An ce har yanzu ba ka yanke shawara ba, kana ta jin ra'ayin jama'a. To ni ma jama'a ne, kuma na jefa maka ƙuri'a, don haka ga nawa. Ka ɗauki duk wadda ranka ya kwanta da ita, dawaki bakwai ba za su ƙara ka da komai ba, ba za su rage ka da komai ba. Abin da nake roƙo bai kai wannan ba. Bakaniken garinmu ya duba motar asibitin, ya rubuta abin da take buƙata a bayan takardar tamu: taya huɗu, batir, famfon mai, da juyen baƙin mai. Ya ce ba ya son kuɗin aiki, domin shi ma matarsa ciki gare ta. Duka kuɗin kayan bai kai la'adar da dillalinka zai karɓa ba.

Don girman Allah, ranka ya daɗe, kafin jirgin ya taso daga Amurka, ka bai wa takardar nan rabin awa daga cikin wunin da ka bai wa motocin. Ka yi mata irin tambayoyin da ka yi wa dillali. Ka tambayi wanda aka bai wa kwangilar kwalbatin, ka tambayi inda allurar ta tsaya, kada ka yarda da amsar farko, mun ga ka iya. Damina ta kusa, kuma littafin awon ungozomarmu cike yake da sunayen matan da za su haihu a tsakiyarta.